Sandar Gora Mai Ƙafa Bakwai

Shekara talatin da ɗaya ina sayar da kayan fatsa a bakin tashar jiragen ruwan garinmu, a arewacin tafkin Biwa, kuma a duk tsawon shekarun nan Kitawaki Genzo bai taɓa taka dokin ƙofar shagona ba. In zai wuce, tsallaka titi yake yi ya bi ta gindin gidan ƙanƙara, ko da ruwa ake tsugawa. In muka haɗu a haikali ko wurin sharar unguwa, sai ya ɗan sunkuyar da kai, daidai gwargwadon da ba za a ce ba shi da tarbiyya ba, ya wuce abinsa. Ni ma ban taɓa roƙonsa gaisuwa ba. Saboda haka ranar Talatar da na ɗago kai na gan shi tsaye a tsakiyar shagon, da takalman roba da tawul a wuya, kofin shayin da ke hannuna ya kusa suɓucewa.

Ɗansa Shuji ya rasu ranar Litinin da safe, kwana ɗaya kafin nan. Yana kan gadar katako yana shirya jirgi don wasu baƙi biyu daga Nagoya, ya dafe ƙirji, ya zauna, bai sake tashi ba. Shekararsa arba'in da bakwai. Ni da na sayar masa da sandarsa ta farko, tun daga lokacin da labarin ya zo kuka nake yi. Uban kuwa rabonsa da yi masa magana shekara ashirin da biyu.

Genzo ya dubi sandunan da ke jere a bango, sun fi ɗari biyu, ya ce, "Fusae-san, wacce ce a cikin nan za ta ci wuta?"

Na ɗauka baƙin ciki ne ya taɓa masa kai.

Kafin in gaya muku amsar da na ba shi, ya kamata ku san mutumin. Genzo masunci ne ɗan masunci. Yana da shekara goma sha biyar ya bar makaranta ya shiga jirgin ubansa, kuma tun daga ranar bai taɓa kwana uku a jere nesa da ruwa ba, har bikin aurensa. Kifin funa yake kamawa. In sanyi ya wuce ya cire masa kayan ciki ta baki ba tare da ya fasa ƙwan ba, ya danne shi da gishiri, in zafi ya shigo ya wanke ya jera a ganga da dafaffiyar shinkafa, ya ɗora dutse a kai. Wannan shi ake kira funazushi, kuma na gidan Kitawaki har daga Kyoto ake zuwa nema. Tsofaffi na cewa a zamanin ubansa ganga arba'in suke dannewa a shekara. Da na buɗe shago sun koma goma sha biyu, bara kuwa uku ya samu.

In ka tambaye shi dalili, kalma ɗaya ce: bas. Baƙon kifin nan mai ƙaton baki da aka shigo da shi tafkin, wanda ba ya barin ɗan funa ya girma. Genzo ya tsane shi tsanar da ban taɓa ganin mutum ya yi wa dabba ba. In ya faɗa masa a koma, sai ya zage shi da sunan uwarsa da ubansa kafin ya wurga shi kwandon kashewa. Mu kuwa da muke cin abinci da kifin nan, mu da samarin birni masu jirage masu ƙyalli, sunanmu a bakinsa masu kiwon ɓarayi. Kuma ba zan ɓoye muku ba, yana da gaskiyarsa. Na san yana da ita, shi ya sa maganar take yi mini zafi.

To, sai ɗansa ɗaya tilo ya zama ɗaya daga cikinmu. Shuji ya yi shekara bakwai a jirgin uban, yana ganin koma tana fitowa da ciyawa da bas, ya gane ba za a riƙe gida da wannan ba. Yana da ashirin da biyar ya sayi tsohon jirgi ya fara kai masu fatsa wuraren da manyan bas ke kwanciya, don babu lungun tafkin da bai sani ba, kuma uban ne ya koya masa. Wannan ne abin da Genzo ya kasa haɗiyewa. Ranar sabuwar shekara, ana zaune gaban abinci, ya ce ba shi da ɗan da zai sayar da ilmin kakanninsa ga abin da ya cinye su. Shuji ya ajiye tsinken cin abincinsa ya fita.

Jiragensu a tasha ɗaya suke, guri shida ne tsakaninsu. Kowace safiya suna kwance igiya a lokaci guda, kowa ya ba ɗan'uwansa baya. Genzo bai je auren Shuji da Kanae ba. Da matarsa Sadako ta rasu, Shuji ya zo jana'izar uwarsa, uban ya sa aka nuna masa kujera a layin maƙwabta, bayan mai kantin shinkafa. Ina wurin. Na ga fuskar Kanae a ranar, na kuma san ba za ta manta ba ko za ta shekara ɗari.

Wannan mutumin ne ke tsaye a shagona yana tambayar sandar da za ta ci wuta.

Na ce, "Genzo-san, zauna tukuna. Me kake nufi?"

Bai zauna ba. Ya ce jiya da yamma ya je gidan makokin. Kanae ta tare shi a bakin ƙofa, ta bar shi ya kunna turare, sannan ta nuna masa wuri a cikin maƙwabta. Ya zauna inda aka ce. Yana nan zaune ya ji tana magana da ma'aikacin gidan jana'iza. Tana so a sa wa Shuji sandar da ya fi so a cikin akwati. Mutumin ya yi ta sunkuyawa yana ba da haƙuri, wai sandar kabon, irin ta zamani da ba ta itace ba, ba ta ƙonewa, ɓata tandar ƙona gawa take yi, ba za a karɓa ba. Ya buɗe jaka ya fito da wata 'yar sandar katako da suke ajiyewa don irin wannan.

"Kin ga abin?" in ji Genzo, ya ware tafin hannu biyu. "Kamar wannan. Abin wasan yara. Da ɗan kifin takarda a rataye. Da wannan za a sallami mutumin da ya yi shekara talatin a kan ruwa?"

"To ai babu mai cin wuta a nan," na ce. "Duk kabon ne, zobban kuma ƙarfe."

"Duka?"

"Duka. Wannan ba zamanin kakanka ba ne."

Ya gyaɗa kai kamar dama ya san amsar. "To nuna mini irin wadda yake riƙewa. Ni zan yi masa."

Laraba ta faɗo a ranar da ba a ƙona gawa, don haka an sa jana'izar Alhamis da hantsi. Yini ɗaya da rabi ke nan. Kuma Genzo mutumin da ne, yana riƙe da al'adar nan cewa uban da ɗansa ya riga shi ba ya raka gawa wurin ƙonawa. Rufe akwatin shi ne ganinsa na ƙarshe. Ba shi da kalmar da zai faɗa, ba shi da kujera a layin dangi, sandar nan kaɗai ta rage masa, in ma Kanae ta yarda ta shiga.

Ni dai zuciyata ba ta yi laushi nan take ba, gaskiya. Sai da na ce, "Shekara talatin da ɗaya kana tsallaka titi don kada ƙafarka ta taɓa inuwar shagona, yau kuma ni zan koya maka sandar ɓarayi?"

"Ke za ki koya mini," ya ce. Ya cire tawul ɗin wuyansa, ya sunkuya har ƙasa. Tsoho ɗan saba'in da takwas, a gabana, a gaban kwalin tsutsar roba. Na juya allon ƙofa na rufe shagon.

Na ciro masa irin wadda Shuji ya saya a bazarar da ta wuce. Yana karɓa ya juya ta, zobban suna kallon ƙasa.

"Kai, ba haka ba! Ka kifa ta. Wannan ta samari masu koyo ce ake riƙewa haka. Ta ɗanka, ƙwarƙwaron zaren a sama yake zama, zobban ma sama suke kallo. Babban yatsa a kan zaren, shi ne birki. Ga wannan ɗan ƙahon a ƙasa kamar kunamar bindiga, nan manuni ke maƙalewa don kada ta suɓuce in an wurga."

Ya gyara riƙo. Yatsunsa duk sun kumbura sun karkace da sanyin ruwa, da ƙyar manunin ya shiga bayan ƙahon.

"Tauri fa? Akwai masu laushi, ga su can."

"Shuji ba ya taɓa su. Cikin ciyawa mai kauri yake jefawa, inda kowa ke tsoro. In babba ya kama, ba lallashi, fizgo shi ake yi da ciyawar gaba ɗaya. Dole gindi ya yi tauri har wajen kashi biyu cikin uku, kan ne kawai zai yi taushi, don da shi ake jin kifin ya taɓa."

"Yana kama manya?"

Raina ya ɓaci. "Wace irin tambaya ce wannan? Daga nan har tsibiri babu wanda ya kamo ƙafar ɗanka. Mutane wata shida suke jiran layi su hau jirginsa."

"Na sani," in ji shi, yana duban kan sandar. "Ina ganinsa daga jirgina. Yana tsayawa a bakin ramin da na nuna masa, amma ya fi ni sanin lokacin da iska za ta juya."

Ashe duk bayan nan da yake ba shi, ido yana gefe.

Ya ciro igiya daga aljihu ya fara awo. Inda kowane zobe yake sai ya ƙulla, inda mariƙi ya ƙare ya ƙulla. Ya zagaya gindin da yatsa biyu, ya murza kan tsakanin yatsunsa. Da ya kai ƙarshe ya ce, "Ƙafa bakwai. Doguwa ce. In yi ta gida biyu, mai haɗi?"

Nan fa na tashi masa. Ku fahimce ni, a wurinmu sanda mai haɗi ta masu hawa jirgin ƙasa ce, waɗanda ke zuwa fatsa sau biyu a shekara da sabuwar hula. Mahaɗin yana kashe ji, kuma nan take karyewa. Shekara talatin ina faɗa wa mutane wannan, har ya zama ba na tunani kafin in faɗa.

"Mai haɗi? Shuji? Ko kyauta aka ba shi ba ya karɓa! In za ka yi, yi ta guda ɗaya tun daga gindi har kai, ƙafa bakwai cif. In ka rage ko yatsa ɗaya Kanae za ta gane daga nesa, ta ce ba ka san shi ba."

"Guda ɗaya," ya maimaita. "Ƙafa bakwai." Ya naɗe igiyarsa ya fita.

Da safiyar Laraba na je wurin Kanae. Ita ma ba baƙuwar sanda ba ce, shekara goma sha takwas tana bayan jirgin mijinta, kuma akwai ranakun da take kunyata shi a gaban baƙi. Na same ta zaune kusa da akwatin, idanunta sun bushe ƙayau. Na gaya mata abin da tsohon yake yi.

Ta ce, "Inna Fusae, kin san sau nawa Shuji ya ajiye masa kwalbar giya a jirgi ranar haihuwarsa? Kowace shekara. Washegari mu same ta a kan gada ba a buɗe ba. Yanzu da ba zai iya gani ba ne za a kawo masa kyauta?"

"Ban zo kare shi ba. Ni ma na fi ki jin haushinsa."

"Ya kawo," ta ce. "In sanda ce, hannuna zai gaya mini. In karan gora ne aka ɗaura wa zare don mutane su ce tsoho ya yi nadama, a gaban kowa zan miƙa masa abinsa."

Ba ta ɗaga murya ba, kuma na san za ta aikata.

Da rana na kasa zama, na nufi rumfarsa. Rabona da shiga gidan tun Sadako na da rai. Warin funazushi ya tare ni tun daga ƙofa. Genzo na durƙushe gaban kaskon gawayi, ya sauko da gorar da ke rataye a rufin rumfar tun lokacin da ake kafa shingen kifi da ita, ta bushe ta yi launin zuma. Ya ce ya duba sama da hamsin kafin ya sami wadda gindinta da kanta suka yi daidai da igiyarsa. Yana gasa ta kaɗan kaɗan, yana miƙar da ita da wani katako mai tsaga, ya ɗaga ya rufe ido ɗaya ya duba, ya sake mayarwa wuta. Zobban ya yi su da ɓawon gora da ya jiƙa ya lanƙwasa, ƙahon kuma ya sassaƙa da icen ceri. Zaren ɗauri jan siliki ne daga akwatin ɗinkin matarsa.

Na ga yana soka wata siririyar waya mai zafi a gefen kowace gaɓa. Na ce, "Wannan kuma fa? Za ka raunana ta."

"Gora in ta shiga wuta da gaɓoɓinta a toshe, fashewa take yi da ƙara," ya ce. "Tun yana ƙarami ba ya son ƙara."

Na fita waje na tsaya bayan gangunan na yi kukana, sannan na dawo na zage shi don ya ɗaura zobe na huɗu a karkace. Ya kwance ya sake ɗaurawa, bai yi musu ba.

Alhamis zauren ya cika har waje. Masunta a gefe ɗaya cikin baƙaƙen kwat ɗin da suka yi musu kaɗan, masu fatsa a ɗaya gefen da fuskoki da rana ta ƙona, sai da'irar tabarau fara a idanu. Ban taɓa ganin ɓangarorin nan biyu a ɗaki ɗaya ba. Genzo na layin baya da doguwar aba a naɗe cikin farin ƙyalle, ya kwantar da ita a ƙasa gefen bango. Malamin haikali ya gama karatu, aka kunna turare bi da bi, sannan aka sauko da akwatin tsakiyar zaure aka ɗauke murfin don a sa furanni.

Kowa ya sa nasa. Sai Genzo ya taso, mutane suna darewa don kada kan sandar ya tsone musu ido. Ya tsaya gaban Kanae, ya miƙa mata da hannu biyu, kansa a ƙasa.

Ta warware ƙyallen. Wani daga cikin masu fatsa ya ce "kai!" da ƙarfi, ya toshe bakinsa. Kanae ta riƙe ta yadda ake riƙewa, manuni a bayan ƙaho, babban yatsa a inda zare zai zauna. Ta ɗaga ta saitin ido ta bi layin zobban. Ta girgiza ta sau biyu, ta tsaya tana jin yadda kan ke komawa ya tsaya. Sannan, a gaban gawa da malami da kowa, ta goga kan a jikin rufin zauren a hankali, kamar mai ciniki a shagona. Ma'aikacin gidan jana'izar ya zaro ido.

"Ta fi tasa nauyi," ta ce.

Genzo bai ɗago ba.

"Amma sanda ce." Ta juya ga akwatin, ta sa gindin wajen ƙafafun Shuji, ta kwantar da ita a gefensa.

Ba ta shiga ba.

Kan sandar ya hau bisa katakon wajen kai, ya wuce waje da fiye da taƙi guda. Ta ja ta baya, gindin ya daki katakon ƙafa. Ta karkata ta daga kusurwa zuwa kusurwa, har yanzu akwai saura. Akwatin ƙafa shida ne da ɗan kai. Kowane yaro a garin nan ya san tsawon akwatin gawa bai kai ƙafa bakwai ba, ni kuma na halarci jana'iza ta fi hamsin. Tsohon nan ya tambaye ni da bakinsa ko ya yi ta gida biyu, na daka masa tsawa. Tunanin ciyawa da manyan kifi nake yi, ban taɓa tuna inda sandar za ta kwanta ba ko sau ɗaya. Na riƙe kujerar gabana. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Masu fatsan nan su wajen arba'in, duk wanda na duba bakinsa a buɗe yake, don kowannensu abin da zai ce wa tsohon ke nan da shi aka tambaya.

Ma'aikacin ya matso yana murza hannu, ya yi ƙasa da murya. "Ku gafarce ni ƙwarai. Muna da ɗan zarto a baya. In an rage kaɗan daga sama, ko a raba ta biyu..."

Genzo ya dubi sandar, ya dubi igiyar awon da ta leƙo daga aljihunsa. Bai dube ni ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Kawo zarton."

"Laifina ne!" na ce, ban san lokacin da maganar ta fito ba. "Ni na ce masa guda ɗaya. Ni ce jakar!"

"Inna, yi shiru," in ji Kanae. Ta dubi ma'aikacin. "Ba wanda zai sa wa sandar nan zarto."

Ta cusa gindin a kusurwar ƙafa ta dama, ta danne tsakiyar da gwiwar hannunta a jikin katako, ta kama kan da ɗaya hannun ta fara jawo shi ciki. Gorar ta fara lanƙwasa. Na ji wani masunci a bayana yana cewa za ta karye, za ta karye. Busasshiyar gora ce mai huji a kowace gaɓa, ni ma abin da nake jira ke nan, har na runtse ido. Na ji ta yi ɗan kuka ƙiii, sau ɗaya. Da na buɗe ido, gindin na nan miƙe sambal a gefen Shuji, kan kuma ya zagayo ta saman kansa ya sauka wajen ɗaya kafaɗar, a cikin akwati. Duk mai fatsa a zauren ya san wannan lanƙwasar. Haka sanda ke yi in babba ya kama.

Wani ƙato daga Osaka, wanda ya yi shekara goma yana hawa jirgin Shuji, ya fashe da kuka kamar yaro.

Sai dai tana sakin hannu kan ya yi tsalle ya fito. Ta sake dannawa, ya sake fitowa, har ya watsar da furanni biyu ƙasa.

"Sai wani ya riƙe har murfi ya hau," ta ce. Ta waiwaya. "Baba, zo ka riƙe nan."

Ya zo. Ya sa hannu cikin akwatin ya danne kan sandar, daidai gefen kunnen ɗansa. Dangi suka ɗauko murfin suka ɗora daga wajen ƙafa, suna turo shi a hankali. Ya rufe gwiwa, ya rufe ƙirji, ya zo wuya, ya tsaya a jikin hannun Genzo. Murfin ya riga ya danne sandar, ba sauran abin riƙewa. Bai cire hannun ba.

Aka jira. Ma'aikacin ya saci kallon agogo, ya sunkuya. "Kitawaki-san, ku yi haƙuri, motar tana..."

"Ta jira," in ji Kanae.

Daga inda nake ina ganin hannun ta ɗan wurin da ya rage. Ya saki gorar. Karkatattun yatsun nan suna kan gashin Shuji, suna shafa shi baya daga goshi, a hankali. Tsohon ya sunkuya sosai yana leƙawa, kamar bai yarda da idonsa ba. Sannan ya ɗago ya dubi Kanae, ya dube ni, ya dubi masuntan da suka tsufa tare da shi.

"Ya yi furfura," ya ce. "Yaushe yaron nan ya yi furfura?"